Juma'a Shida da Na Ce wa Kawu Ba Su Sauka Ba

Kawu ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ana ɗan yayyafi, a ɗakinsa na gindin mangwaro a gidana da ke Nassarawa GRA. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Bayan azahar aka sallace shi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta da jar laka a takalmanmu. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni ina ɗan shekara bakwai da mahaifina ya rasu, shi ya sa ni a makaranta, shi ya nema mini aure. Nasa 'ya'yan biyu tun suna goye suka koma, matarsa kuma ta riga shi da daɗewa. Don haka duk wanda ya zo gaisuwa ni yake nema, ni yake miƙa wa hannu.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, motoci suka cika layin har kwana. Kwana bakwai ina zaune a kan darduma, kuma kusan magana ɗaya nake ji daga bakin kowa. Limamin masallacinmu ya ce, "Alhaji, ka fita kunyar tsohon nan. Irinku sun yi ƙaranci." Abokan aikina suka ce ai Kawu ya mori tsufansa, ɗaki mai sanyi, ƙatuwar talabijin, likita har gida, Umara sau biyu. Maƙwabcina, wani Alhaji ɗan kasuwa mai yawan barkwanci, ranar bai yi barkwanci ba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi masa ke nan. A cikin gida ma haka mata suka dinga faɗa wa maiɗakina. Ita kuwa da ta zo ba ni labari ba ta kalli idona ba.

Ni kuwa ina ta "Na gode, Allah ya ba da lada." To me zan ce? Ni mutum ne mai son a yaba mini, wannan ba sai an faɗa mini ba, na san halina. Amma wannan yabon bai yi mini daɗi ba. Abu ɗaya tak Kawu ya roƙe ni a shekararsa ta ƙarshe, in kai shi bakin ruwa ya ga tsuntsayensa. Ban kai shi ba. Ba ma rashin kaiwar ce ta fi damuna ba, ƙaryar da na yi masa ce, Juma'a shida a jere, ina kallon ƙwayar idonsa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ina so a san wane ne Kawu, tunda ba shi da mai ba da labarinsa sai ni, kuma ina so a sauke mini yabon da ba nawa ba.

Aikin Kawu auna ruwa ne. Mutane da yawa ba su san ana ɗaukar mutum wannan aiki ba. A wani ƙauye na fadamar Haɗeja, inda na yi ƙuruciyata a hannunsa, an kafa wani dogon katako mai lambobi a cikin kogi. Kullum bayan sallar asuba sai ya je ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta, ƙarshen wata ya aika ma'aikata. Shi ke nan aikin. "Minti biyar ne," in ji shi, "sauran duk kallo ne. Gwamnati ba ta san a kan kallo take ba ni albashi ba." Sai ya yi dariyar nan tasa marar sauti, kafaɗu kawai suke rawa.

Abin da yake kallo tsuntsaye ne, amma ba kowane tsuntsu ba. Balbela da zalɓe da zakaran ƙeƙuwa 'yan gida ne a wurinsa, ya dube su dai ya wuce. Nasa su ne waɗansu ƙanana masu siririyar ƙafa da dogon baki, kalar ƙasa-ƙasa, da suke sauka a bakin ruwa idan damina ta yi nisa, su yi ta caccakar laka. Matafiya yake ce musu. Labarin yadda ya fara kula su kuwa na ji shi ya fi a ƙirga. Wata rana wani masunci ya kawo masa ɗaya da ya faɗa a komarsa, da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, an yi wa zoben rubutun boko. Ƙauye ya ɗauka. Wasu suka ce sammu aka aiko wa wani, wasu suka ce a ƙone shi. Kawu ya kwafe rubutun a takarda, ya saki tsuntsun, ya kai wa shugabansa a ofis. Bayan watanni amsa ta dawo cewa a wata ƙasa mai tsananin sanyi aka sa masa zoben, can bayan hamada, bayan teku. Daga ranar, in ji Kawu, bai ƙara yi musu kallon nama ba.

"Abin da bai kai nauyin albasa ɗaya ba," yakan ce mini bayan na girma, "ya ƙetaro Sahara ba guzuri, ba direba, ya sauka a kan lakar da ya sauka bara. Kai kuwa, Darakta, Zariya ma sai an duba maka taya." Tun da aka ƙara mini girma a wurin aiki ya daina kiran sunana, sai Darakta. In yana jin daɗina Darakta, in na ɓata masa rai ma Darakta, muryar ce kawai take bambanta.

Kowanne a cikinsu ya raɗa masa suna. Akwai ɗan rausaya, wanda ba ya tsayawa cak, kullum jelarsa tana sama da ƙasa. Akwai mai jan ƙafa, dogo siriri, da yake shiga ruwa har gwiwa. Akwai waɗansu mitsi-mitsi da suke gudu tare su tsaya tare, su ya ce musu 'yan firamare. Yana da dokokinsa kuma: ba a nuna su da yatsa, ba a tsaya musu a tsaye, ba a ɗaga murya. "Mutum ya yi sati yana tafiya, ya sauka zai sa abu a bakinsa, sai ka zo ka tsaya masa a ka?" In ya idar da salla yana addu'a, ƙarshenta ba ta canzawa: "Allah ka sauki matafiya lafiya, na ƙasa da na sama." 'Ya'yana mata tun suna yi masa dariya har suka koma suna jiran wurin don su ce amin.

Da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, na matsa masa ya dawo Kano. Ya zo ne don kada ya watsa mini ƙasa a ido. Watannin farko ya rame. Ya ce unguwar nan tamu katanga ta yi mata yawa, ko kukan kwaɗo sai ka kasa kunne. Abokin hirarsa maigadinmu ne, mutumin Jigawa, tare suke shan shayi a kan benci a bakin ƙofa, abin da ni a lokacin ma bai yi mini daɗi ba. Maigadin ne ya ba shi labarin wani wuri a bayan Kaura Goje, ta hanyar Kawaji, inda rafin da ya ratso unguwanni yake bajewa da damina ya zama fadama.

Kada mai karatu ya zaci wani wuri ne mai kyau. Ruwan kwata ne ya haɗu da ruwan sama. Leda ko'ina, ga wari, wani lokacin ruwan ya rine da abin da masana'antu suke sakowa. Gidaje marasa filasta sun matso har bakinsa. Gefe guda masu wankin babur, gefe guda 'yan lambu da injinan ban-ruwa suna noman latas da alayyahu. Amma akwai laka, kuma inda laka take matafiya suna sauka. Ranar da Kawu ya fara ganin ɗan rausaya a wurin, ya dawo gida ya ci tuwo malmala biyu.

Daga nan, kowace shekara marka na kamawa, wato lokacin nan da ake jera kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana idar da asuba sai ya tari adaidaita sahu. Ya samu wata tsohuwar tayar mota a bakin ruwan, a kanta yake zama har hantsi. Da farko 'yan lambun sun ɗauka ko taɓin hankali ne, ko kuwa masu filaye ne suka turo shi leƙen asiri. Babbansu, wani dattijo da suke kira Sarkin Lambu, shi ya fara zuwa ya zauna kusa da shi. Wata safiya Kawu ya dubi kalar ruwan da irin tarkacen da yake kawowa, ya ce masa, "Ku janye injinan nan sama yau. An sha ruwa sosai a yamma, kafin gobe nan duk ya shafe." Rana tana ƙwallewa, ko alamar hadari babu. Sarkin Lambu ya sa aka janye don ganin girman furfura kawai. Washegari inda injinan suke ruwa ya kai ƙugu. Tun daga nan ba wanda ya ƙara taɓa tayar Kawu, kuma ba ya dawowa gida hannu rabbana. Maiɗakina ta daina sayen ganye da damina.

Sau ɗaya na taɓa bin sa. Wata Asabar ce, naci ya ishe ni. Na saka farar shadda ta sha sitaci, na fesa turare, na ja mota har inda ta iya shiga. Ina buɗe ƙofa na fito, duk abin da ke bakin ruwan ya tashi fir, suka yi can tsallake. Kawu ya dube ni sama da ƙasa.

"Sun san manya," ya ce. "Tsuguna, Darakta, ka ɓoye wannan farin a bayana."

Na tsuguna ina tattare riga. Muka yi shiru, har ƙafata ta fara sanyi. Can sai ga su suna dawowa ɗaya-ɗaya, suna wani siririn fito. Suka sauka a kan laka tsakanin leda da gwangwani kamar gonar ubansu. Kawu ya karkato da kai ya yi mini raɗa.

"Ka ga wancan na gefen robar? Jiya babu shi. Yau ya iso. Dubi yadda yake ci, ko ɗago kai ba ya yi. Allah kaɗai ya san inda ya kwana shekaranjiya."

Fuskarsa a lokacin ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar aurena. Ni kuwa takalmina nake kallo yana nutsewa a laka. Waya ta yi ƙara a aljihuna, suka sake tashi gaba ɗaya. Na ce masa ana nemana, na bar shi a nan.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi na gaske, a kan riga. Akwai wata da yake sawa in zai je wurin, tsohuwa, ruwan ƙasa, ta koɗe, da faci a kafaɗa. Tun ta zamanin aikinsa ce. A cikinta in ya zauna a kan tayar nan bai motsa ba, tsuntsayen har kusa da ƙafarsa suke zuwa. Na san wannan sarai, da idona na ga abin da fari yake yi musu. Amma wata Juma'a mun fito daga masallaci, maƙwabcin nan nawa mai barkwanci ya ce a gaban mutane, "Alhaji, jiya zan je Dakata na ga wani tsoho a bakin kwata, sak Kawunka. Har direbana ya rage gudu, wai a miƙa masa sadaka." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma kunnuwana zafi suke yi.

Ina shiga gida na tarar da rigar a kan igiya. Na fizge ta na miƙa wa maigadi, na ce ya haɗa da shara ya ƙone. Ya tsaya yana kallona, na daka masa tsawa. Sannan na wuce ɗakin Kawu, ko zama ban yi ba.

"Kawu, me na rage ka da shi a gidan nan?"

"Ba komai, Darakta. Lafiya?"

"Ana ganin ka a bakin kwata da tsumma. Ana cewa na bar ka kana bara. Mutuncina kake zubarwa a gari."

Ya ajiye carbinsa a kan gwiwa. "Ashe mutuncin naka a jikin rigata yake rataye. Da ka faɗa mini, ai da na dinga sa mata bula."

"Kawu, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Shi wanda ya ce bara nake, bai sani ba ne. Kai da ka sani, me ka ce masa?"

Ni kuwa dariya na taya maƙwabcin nan. Ana cikin haka hayaƙi ya shigo ta taga. Kawu ya leƙa, ya ga abin da yake ci da wuta, ya koma ya ɗauki carbinsa.

Na sa aka ɗinka masa shadda uku, farare tas. Ya karɓa ya yi godiya. Bayan kwana biyu maiɗakina ta kira ni bayan gida tana toshe baki don dariya. Ga sabuwar shadda a cikin bokiti, Kawu ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa ta koma kalar ƙasa. Ni abin bai ba ni dariya ba. Mako guda ban shiga ɗakinsa ba. Shi ne, da girmansa da komai, ya tako har falona ya ce, "Darakta, kwana biyu." Ni ya kamata in je, ban je ba.

Damina biyu bayan haka santsi ya kwashe shi a bakin ruwan, ya bugu a ƙugu. 'Yan lambu ne suka kawo shi gida, ina ofis. Ya warke, amma sai da sanda, ga yanar ido ta rufe masa ido ɗaya tana neman ɗayan. Likita ya ce kada ya ƙara fita shi kaɗai. Na ce wa maigadi ko da wasa kada ya buɗe masa ƙofa. Kowa ya ce na yi daidai. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, daɗi na ji. Likita ya ba ni abin da na daɗe ina nema. Na sayo masa talabijin ƙatuwa, aka kama masa tashar da ake nuna namun daji da tsuntsaye. Ya kalla na kwana biyu ya ce a kashe. "Wannan ai hoton abinci ne a gaban mai jin yunwa."

Bana, da marka ta kama, ya aika a kira ni. Ya ce in zauna, na zauna a bakin gado.

"Hanyar ofishinka ba ta da nisa da wurin nan. Ka leƙa mini. Idan sun sauka ka kai ni, sau ɗaya ya isa. Idon nan na dama yana ɗan gani, ban san baɗi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba sai na fito daga mota ba. Ka ɗaga gilashi in kana so, ba wanda zai gan ni."

Wannan maganar ta ƙarshe ta isa ta kashe mutum da kunya. Ni kuwa cewa na yi, "Haba Kawu, wannan ai ba wani abu ba ne. In sha Allahu." Na fita, na manta.

Al'adata ce duk Juma'a in na dawo daga masallaci in shiga in gaishe shi, tunda shi ya daina zuwa. Juma'ar farko muna gama gaisawa ya ce, "Matafiya fa?" Sai a lokacin na tuna. Da na ce masa na manta, da shi ke nan, zai yi mini tsiya ne kawai ya ce manya ba sa tuna ƙananan abubuwa. Amma ni ban saba cewa na manta ba. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce, "Na duba, Kawu. Ba su sauka ba tukuna." Ya gyaɗa kai ya ce da sauran lokaci, Allah ya kawo su lafiya.

Mako na biyu na tuna, ba zan yi ƙarya a nan ba. Har na kai kwanar da ake shiga, na ga taɓo, na tuna an wanke motar da safe, na wuce. Ranar Juma'a na maimaita masa abin da na faɗa, kuma ya fi sauƙin fita fiye da na farko. A ta uku har ado na yi wa ƙaryar. Na ce ruwa ya yi yawa bana, ya shanye lakar, ba inda za su tsaya. Da iliminsa da ya koya mini na yi masa ƙaryar. Ya ɗan jima yana kallona da idon nan ɗaya, sannan ya ce, "Haka ne, ba sa son ruwa mai zurfi."

Juma'a ta huɗu ita ce ba na son tunawa. Na shiga na tarar da shi zaune a kan kujera, ya yi wanka, ya sa shaddar nan da ya rina, ga sandarsa a jingine, takalmi a ƙafa. Bai ce mini komai game da shirin ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Ya yi tambayarsa, na ba shi amsata. Ya sunkuya a hankali ya fara cire takalmin. Da na fito maiɗakina tana tsaye a baranda.

"Alhaji, ka kai shi mana. Awa ɗaya ce fa. In ba ka da lokaci ka bar direba ya kai shi, ni sai in raka su."

"Hanyar ba ta biyuwa. Bari ƙasa ta ɗan sha iska."

"Ka je ka gani ne?"

Na ce mata ta daina yi mini tambayar 'yan sanda a gidana. Ban bar direban ya kai shi ba, domin suna zuwa za a gane ban taɓa leƙawa ba.

Ta biyar ta wuce kamar sauran. A ta shida bai tambaya ba har na miƙe, na ji daɗi a raina na ce ya haƙura. Na kama ƙofa ke nan ya ce, "Darakta, ba labari?" Na ce, "Shiru, Kawu. Bana kamar sun canza hanya." Ya ce, "To. Allah ya sa suna lafiya a inda suke." Wallahi a ranar na ƙudura a raina cewa Asabar ta sama zan kai shi, ko suna nan ko ba sa nan. Laraba ina cikin taro maiɗakina ta kira ni.

Ranar da aka kwana takwas, an kwashe rumfa, sai 'yan tsirarun mutane. Ina zaune a baranda bayan la'asar da liman da maƙwabcin nan nawa, maigadi ya zo ya ce ga waɗansu baƙi. Mutum uku ne, ƙafafunsu duk busasshiyar laka, ɗaya yana ɗauke da kwandon alayyahu. Na gaba dattijo ne, ya ce shi ne Sarkin Lambu, sai jiya labari ya iske su. Suka ƙi hawa kujera, suka zauna a kan tabarma. Aka yi addu'a, aka shafa. Dattijon ya share ido da bakin rigarsa.

"Alhaji, bana kuwa sun zo, zuwan da muka daɗe ba mu ga irinsa ba. Har waɗanda Malam yake cewa 'yan firamare, laka ba masaka tsinke. Ai da kaina na zo na faɗa masa."

Na ce, "Yaushe?"

"Tun farkon marka. Wata Litinin ce, kana wurin aiki. Ga maigadi nan, shi ya shigar da ni."

Na dubi maigadi, ya sunkuyar da kai. Litinin ɗin da ta biyo bayan Juma'ar farko ke nan. Na ƙirga a raina. Juma'a biyar Kawu yana tambayata abin da ya riga ya sani, yana ba ni dama in gyara, ni kuma ina ƙara masa ado.

Dattijon bai lura da ni ba, ya ci gaba. "Na ce masa ga adaidaitar ƙanena a waje, mu lallaɓa mu kai shi mu dawo da shi kafin azahar. Ya ƙi. Ya ce, 'Ɗana ya ce shi zai kawo ni da kansa. In na bi ka, na kunyata shi a gidansa.' Ya ce ranar Juma'a ce kake samun sarari. To mu ma sai muka shirya. Muka zuba ɓaraguzan bulo a hanyar don motarka ta shiga har bakin ruwa, muka hana masu wankin babur matsowa wajen. Duk Juma'a bayan masallaci muna duba hanya." Ya ɗago ya dube ni, ba zargi ko kaɗan a fuskarsa. "Ashe jikin ne ya hana, ko Alhaji?"

Liman yana kallona. Maƙwabcina yana kallona. Kawu yana kabari kwana takwas, ba abin da ƙarya za ta ƙara tsare mini a wurinsa. Na buɗe baki na ce, "Jikin ne."

"Allahu akbar," in ji dattijon. "Mun san da da hali da ka kawo shi. Kullum maganarka yake yi." Ya ɗaga hannu sama, sauran ma suka ɗaga. Ya roƙa wa Kawu gafara da rahama, sannan ya juyo kaina. "Kai kuma Alhaji, yadda ka yi masa, Allah ya ba ka masu yi maka."

Kowa ya ce amin. Ni na shafa fuska dai, bakina a rufe.

Ba jikin ba ne, Sarkin Lambu. Jikinsa zai iya zaman mota na awa ɗaya, har takalmi ya sa. Ni ne. Na kasa faɗa a gaban mutum shida, ga shi na rubuta inda kowa zai gani.

Wanda ya karanta wannan ya yi wa Kawu addu'a. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta. Ni kuwa in za ku roƙa mini wani abu, ku roƙa mini gafara. Waccan addu'ar ta dattijon lambu, don Allah kada kowa ya ƙara yi mini ita.